Yadda Ake Shirya Jawabin Ilimantarwa a Gaban Aji

A kwalejojin ilimi da sauran manyan makarantu na Kano da Jigawa, har ma da manyan azuzuwan sakandare na garuruwanmu, akwai ranar da malamin darasin magana a gaban jama'a zai ce kowane ɗalibi ya shirya jawabi na minti biyar ko bakwai, wanda zai ilimantar da 'yan aji a kan wani abu guda. Ɗalibai da yawa sukan bari sai daren ranar, su buɗe waya, su kwafo shafi biyu a kan muhimmancin ilimi ko illar shaye-shaye, washegari su sunkuyar da kai su karanta. A tafa, a tashi, babu wanda ya ƙaru da komai. Abin yana damuna ƙwarai, domin ɗaliban nan sun taso ne a gidajen da ake noma, ake kiwo, ake su, ake jima da saƙa. Suna ɗauke da sanin da rabin ajin bai taɓa ji ba, amma sai su ajiye shi a bakin ƙofa su shiga da na aro.

Kafin komai, ka san irin jawabin da aka ce ka yi. Mai wa'azi so yake ka gyara halinka. Mai muhawara so yake ya kayar da abokin karawarsa. Ɗan siyasa ƙuri'arka yake nema. Kai kuwa aikinka shi ne ka sa mutum ya fahimci abin da bai fahimta ba, ko ya san yadda ake yin abin da bai iya ba, sannan ka bar shi ya yanke wa kansa shawara. Ga ma'aunin da za ka riƙa auna kowane mataki da shi: in ɗan ajinku ya je gida hutu, zai iya zama ya maimaita wa mahaifinsa abin da ka faɗa, daidai, ba tare da takarda ba? In zai iya, jawabinka ya yi. In ba zai iya ba, ko da an yi maka tafi har rufi ya amsa, da sauran aiki.

Ka fara da umarnin malam

Ka rubuta abin da malam ya nema tun a ranar da ya faɗa. Minti nawa ne? Da Hausa za a yi ko da Turanci? An yarda ka riƙe takarda? Za a miƙa tsarin jawabin a rubuce? Za a yi tambayoyi bayan ka gama? In akwai wanda bai fito fili ba, ka ɗaga hannu ka ce, "Malam, a gafarce ni, minti biyar ɗin har da lokacin tambayoyi ne?" Ka kuma raba kwanakin da aka ba ka: kashi ɗaya na bincike, kashi ɗaya na tsari da rubutu, kashi na ƙarshe na gwaji. Na gwajin nan shi ne kowa yake cinyewa, don haka ka killace shi tun yanzu.

Zaɓen batu

Nan ne jawabi yake tashi ko ya faɗi. Batu mai kyau yana da abu uku: kana da ƙofar shiga cikinsa, 'yan aji za su ƙaru da shi, kuma zai shiga cikin mintunan da aka ba ka.

Ka ɗauki takarda ka rubuta sana'ar gidanku, da abin da aka san garinku da shi, da wata tambaya da ta daɗe tana cin ka. Ɗan Kura ko Bunkure ko Garun Malam, wanda ya tashi yana ganin ruwa a kwata tsakiyar rani, yana iya bayyana inda ruwan yake fitowa: madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Bako, da yadda ake raba ruwanta zuwa gonakin shinkafa da tumatir da alkama. Ɗan yankin Haɗeja yana iya yin bayani a kan ciyawar kachalla, yadda take toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, da abin da hakan yake jawo wa manoma da masunta. Ɗan Birnin Kudu yana da zane-zanen mutanen da a jikin duwatsun garinsu, waɗanda ɗaliban Jigawa da yawa ba su taɓa gani ba. Ɗan Maigatari yana iya nuna yadda ciniki yake tafiya a kara ranar Alhamis, daga mai dabba zuwa dillali zuwa la'ada. 'Yar da ta iya tatsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli, ko haɗa daddawa tun daga kalwa, tana da jawabi a hannunta wanda ba sai ta roƙi kowa ba.

Wani zai ce ai wannan abin ƙauye ne, ba na makaranta ba. Ban yarda ba. Malam ba tsadar batu yake aunawa ba, yadda ka fito da shi yake dubawa. Kuma wanda yake magana a kan abin da hannunsa ya taɓa, muryarsa daban ce da ta mai karanta abin da bai gane ba. Aji yana jin bambancin tun daga jimlar farko.

Bayan ka zaɓa, sai ka tsuke shi. "Noma a Jigawa" littafi ne, ba jawabin minti biyar ba. "Noman wake" ma ya yi faɗi. "Adana wake" ya fara kusa. "Yadda buhu mai ninki uku yake kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba", to, wannan ya shiga hannu. Da wannan misalin zan tafi har ƙarshe, domin ka ga yadda kowane mataki yake aiki a kan abu guda.

Yanzu rubuta manufarka cikin jimla ɗaya: "Ina so bayan jawabina 'yan aji su iya bayyana dalilin da ya sa ƙwaro yake mutuwa a cikin buhun, da yadda ake ɗaure shi daidai." In ka kasa rubuta jimlar nan, batun bai tsaya a kanka ba tukuna. Ka manna ta a saman kowace takarda da za ka yi aiki a kai. Duk bayanin da ka samo, komai daɗinsa, in bai yi wa jimlar nan hidima ba, ka ajiye shi gefe.

Su wa za su saurare ka?

Wanda ya taɓa karatun balaga a makarantar zaure ko Islamiyya ya san malamanta sun ce magana ba ta cika sai ta dace da halin da ake ciki da wanda ake yi wa ita. An kuma ruwaito Sayyidina Ali yana umartar a riƙa yi wa mutane magana da abin da za su iya ganewa. Ajinku kuwa gauraye yake. Akwai ɗan manomi da ya san wake tun daga shuka har sussuka, akwai ɗan birni da bai san shi ba sai a faranti tare da shinkafa.

Kada ka zauna kana hasashe. Ka tari mutum huɗu ko biyar cikin 'yan aji ka tambaye su: "A gidanku yaya ake ajiye wake? Ka taɓa ganin buhun nan mai leda biyu a ciki? Ka san abin da yake kashe ƙwaron?" Mai yiwuwa ka tarar da yawa sun taɓa ganin buhun, amma suna zaton an shafa masa magani ne daga kamfani. Ka ga ka gano inda giɓin yake, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Abin da kowa ya sani ka wuce shi da jimla ɗaya.

Bincike: mutane, takarda, sannan waya

Na jera su haka ne da gangan. Ɗalibin karkara yana da abin da ɗalibin birni zai sha wahala kafin ya samu, wato masu yin aikin da hannunsu suna nan a ƙofar gida.

Ka fara da su. Mai sayar da hatsi a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko Gujungu ranar Lahadi, ya san abin da wake yake yi a watan da zafi ya tsananta. Amma kada ka tare shi ana tsakiyar awo. Ka jira kasuwa ta lafa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, sannu da kasuwa. Ni ɗalibi ne, an ba mu aiki a makaranta a kan ajiyar wake, shi ne na ce bari in zo wurin waɗanda suka san abin. In ba zan takura maka ba, ina da 'yan tambayoyi." Ka guji tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a". Ka ce, "Yaya kuke gane waken da ya bushe sosai?" ko "Me kuke yi da can kafin buhun nan ya zo?" Sannan ka yi shiru ka saurara. In za ka ɗauki muryarsa a waya, ka nemi izini tukuna, kuma ka tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa a aji. Ke kuma ɗaliba, kina da ƙofar da samari ba su da ita: Inna da Gwaggo da Kaka su ne masu ajiye iri a cikin gida, su za su nuna miki yadda ake cakuɗa wake da toka ko yashi, da yadda ake toshe bakin jarka ko tulu.

Daga nan sai malamin gona. Hukumomin raya aikin gona da karkara, wato KNARDA a Kano da JARDA a Jigawa, suna da malaman gona a ƙananan hukumomi, akwai kuma malamai a kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke Dambatta. Su za su ba ka dalilin abin da manomi ya gani da idonsa. A kan waken nan, ga irin abin da za ka fito da shi: ƙwaron yakan fara ne tun daga gona, macen tana saka ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki tana ci, ta girma, sannan ta huda ta fito. A lokacin zafi, cikin kamar wata ɗaya sabon zubi ya fito ya sake yin ƙwai. Shi ya sa buhun da ka ɗinke lafiya lau da kaka, kafin damina ta faɗi ya huhhuje. Shi kuwa buhun PICS, wato mai ninki ukun nan, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ce masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Babu magani a jikinsa. In an ɗaure shi gam, ƙwarin suna shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu.

Sai takarda: ɗakin karatu na makaranta, littafin aikin gona, takardun da hukumomi suke rabawa. Waya ta zo a ƙarshe, domin tabbatarwa da cike giɓi. A nan ka yi taka-tsantsan. Saƙon da aka turo a WhatsApp, wanda babu sunan marubuci babu kwanan wata, ba hujja ba ne, ko da mutum dubu sun tura shi. Kowace shekara da kowane adadi da za ka faɗa, ka same shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. In za ka ce Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, gaskiya ne, amma ka san inda ka gani, domin malam zai iya tambaya. In adadi ya ƙi tabbata, ka cire shi. Jawabi ba ya mutuwa don rashin adadi ɗaya, amma ƙarya ɗaya da wani ɗan aji ya kama tana sa a daina yarda da sauran maganarka.

A kula da awo da farashi. Kwanon wata kasuwa ba lalle ya zo ɗaya da na wata ba, kuma farashin bara ba shi ne na bana ba. In za ka ambaci kuɗi, ka faɗi kasuwar da watan. Duk abin da ka rubuta a littafin bincikenka, ka sa a gefensa wanda ya faɗa maka da ranar.

Tsara abin da ka tara

Yanzu hannunka ya cika, kuma a nan ne zuciya take son a faɗi komai. Kada ka biye mata. Kunnen mai sauraro kamar kwanon awo ne, in ya cika duk abin da ka ƙara zubewa yake yi. A minti biyar zuwa bakwai, manyan maki uku sun isa. Biyu ma ba laifi.

Batun da kansa zai nuna maka jerin da ya dace. In tarihi ne, bi lokaci: misali yadda aka cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, da abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. In wuri ne, bi hanya: ruwa ya taso daga Tiga da Challawa, ya haɗu ya zama kogin Haɗeja, ya gangara dausayi. In sanadi ne, ka fara da dalili ka ƙare da sakamako. In koyar da aiki ne, bi matakai yadda hannu yake bin su, kada ka tsallake ka dawo.

Na wake zai iya tsayawa haka. Maki na farko: yadda ƙwaro yake cin wake daga ciki. Na biyu: yadda rashin iska yake kashe shi. Na uku: yadda ake ɗaure buhun. Ƙarƙashin kowane maki ka sa abin da zai riƙe shi, ko misali, ko adadi guda, ko maganar wanda ya san aikin. Na ukun shi ne ya fi buƙatar lokaci, domin a nan mutane suke kuskure: a busar da waken har in ka ciza ƙwaya ka ji ta yi ƙaras, a sheƙe shi a tsince tsakuwa da kara, don kada su huda leda, a duba kowace leda a tabbatar babu ɓula, a zuba, a girgiza ya zauna, a matse iskar sama, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba.

Ka lura da iyaka a nan. In ka ce "ga yadda buhun yake aiki, ga abin da yake buƙata, ga inda yake kasawa in ɓera ya huda shi," ilimantarwa kake yi. In ka koma "wallahi duk wanda bai saya ba ya cuci kansa," ka zama ɗan talla. Ka faɗi rauninsa kamar yadda ka faɗi amfaninsa, ka kuma ambaci hanyoyin da iyayenmu suka saba da mutunci, domin durom da jarkar da aka toshe gam su ma a kan hikimar hana iska suke aiki.

Tsakanin maki da maki ka gina gada. Mai karatu yana iya komawa baya in ya ɓace, mai sauraro ba zai iya ba. Jimla ɗaya ta wadatar: "Mun ga yadda ƙwaron yake rayuwa a cikin ƙwayar, yanzu bari mu ga abin da yake faruwa da shi in aka hana shi iska."

Buɗewa da rufewa

Ka rubuta su bayan cikin jawabin ya tsaya. Sallama da gaisuwa wajibi ne a wurinmu, amma a taƙaice: sallama, "Malam, barka da warhaka, 'yan uwana ɗalibai, barkanku," shi ke nan. Wasu sukan cinye minti guda suna jero gaisuwa da godiya. Kada kuma ka fara da ba da haƙuri, irin "ban shirya sosai ba" ko "ni ban iya magana ba". Da ka faɗi haka ka ba aji izinin daina saurare.

Buɗewa tana da aiki huɗu: ta kamo hankali, ta nuna abin ya shafe su, ta nuna dalilin da za a yarda da kai, ta faɗi inda za a bi. Ga misali. Ka ɗaga tafin hannunka da wake hujajje ka ce: "Wannan waken, wata huɗu da suka wuce babu ƙwaya ɗaya mai huji a cikinsa. Babu wanda ya buɗe buhun. To ta ina ɓarawon ya shiga? A gidanmu wake muke nomawa, kuma na zauna da malamin gona da masu sayar da hatsi a kan wannan tambaya. Yau zan nuna muku abu uku: yadda ƙwaron yake shiga, yadda rashin iska yake kashe shi, da yadda ake ɗaure buhun da ke hana shi iskar." Wannan kamar rabin minti ne, kuma ya yi aikin huɗun duka. Sai dai "wata huɗu" ɗin ya zama gaskiyar waken da ke hannunka.

A rufewa kada ka kawo sabon bayani. Ka tuna musu makin uku a gajarce, ka bar su da abu ɗaya da za su iya aikatawa ko dubawa in sun je gida, ka yi godiya, ka tsaya. Kada ka ƙare da "to, shi ke nan dai" kana waige-waige.

Abin riƙewa a hannu da abin nunawa

Akwai hanyoyi biyu da suke jefa ɗalibi a rami: karantawa kalma bayan kalma, da haddace jawabin dungurungum. Mai karantawa ya rabu da aji. Mai hadda kuwa, mu da muka saba da tilawa mun san in kalma ɗaya ta kuɓuce, sai an koma baya kafin a kamo zaren. Abin da ya fi shi ne ka san jerin tunaninka sarai, ka haddace jimlar farko da ta ƙarshe kawai, sauran ka faɗe su da bakinka. Ka yanka kwali girman tafin hannu, guda uku ko huɗu, ka sa musu lamba. A kowane ka rubuta kalmomin tuni da manyan baƙaƙe, da shekaru da adadin da ba ka son kuskurewa. Fuska ɗaya kawai za ka rubuta.

Game da abin nunawa, kada ka dogara da wutar lantarki ko majigi, sai in ka tabbatar akwai, kuma ko akwai ka yi tanadin in an ɗauke. Gani ya kori ji: ka zo da buhun kansa, da wake mai kyau a kwalba ɗaya, hujajje a wata. In zane za ka yi a kwali, ka yi da alƙalamin maka mai kauri, ka jingina shi a allo ka koma kujerar ƙarshe ka duba. Abin da ba ka iya karantawa daga can, ka sake shi. Ka ɓoye abin nunin sai lokacinsa ya yi. Kada kuma ka miƙa kwalba ta zagaya aji kana tsakiyar magana, domin ido zai bi kwalbar ya bar ka. A bari sai ka gama.

Gwaji

Gwaji a zuci ba gwaji ba ne. Ka tashi tsaye, ka buɗe murya, ka kunna agogon waya. Karon farko kusan kullum lokaci yakan zarce. Maganinsa yanke bayani ne, ba ƙara gudu ba. Ka nufi gamawa da saura kamar rabin minti.

Karo na biyu ka ɗauki muryarka ka saurara. Za ka ji "wato" da "ka gane" da "am" da ba ka san kana yi ba. Inda suke fitowa, ka maye su da ɗan shiru. Karo na uku ka tara ƙannenka ko abokan ɗakinku. In ka gama kada ka ce "ya yi kyau?", don za su ce ya yi. Ka ce wa ɗaya, "Faɗa mini abu ukun da na ce." Inda ya yi tuntuɓe, nan ne bayaninka bai fito ba. Ɗaure buhun ma ka gwada shi da hannu har ya zama ba sai ka kalli igiyar ba.

A kan saurin magana muna da abin koyi mafi girma. Nana A'isha ta bayyana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya jero magana da gaggawa, har mai ƙirga kalmominsa zai iya ƙirgawa. Anas kuma ya ruwaito cewa yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta. Babbar jimlar jawabinka, ta iskar nan, ta fito a farko, ta fito a tsakiya, ta fito a ƙarshe.

In da Turanci aka ce a yi, ka fara bayyana batun gaba ɗaya da Hausa ga wani a gida. In ya gane, to fahimtarka ta zauna, sai ka zuba ta cikin gajerun jimlolin Turancin da bakinka ya saba da su. Kalmar da ka ɗauko daga ƙamus jiya da dare ita ce za ta maƙale maka gobe. Waɗanda ba makawa sai ka faɗe su, ka nemi wanda ya iya ya furta maka, ka yi ta maimaitawa.

Ranar jawabi

Ka haɗa kayanka tun dare, ka yi barci, ka karya da safe, ka isa aji da wuri ka tsaya a inda za ka tsaya ka ga yadda ɗakin yake daga can. Faɗuwar gaba za ta zo. Zuciya ta buga, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi. Jiki ne yake shirin aiki, kuma tana lafawa bayan jimlolin farko, shi ya sa aka ce ka haddace su. Kafin a kira ka, ka ja numfashi a hankali ka sauke sau uku ko huɗu, ka kurɓi ruwa, ka yi addu'arka.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu musamman. An tarbiyyantar da mu cewa kallon babba ido cikin ido rashin kunya ne, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a gaban aji, mai kallon ƙasa muryarsa ƙasa take zuwa, na baya ba ya ji. Ba sai ka zuba wa malam ido ba. Ka zaɓi mutum uku cikin 'yan uwanka, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu can baya, ka riƙa yi musu magana bi da bi, kowa jimla ɗaya ko biyu. Ke ma haka: ki daidaita hijabinki ko mayafinki tun kafin ki tashi don hannunki ya samu sarari, ki zaɓi ƙawayenki a ɓangarori daban-daban, ki ɗaga murya daidai yadda ta kujerar ƙarshe za ta ji. Ilimi kike isarwa, kuma haƙƙin na baya ne ya ji kamar na gaba.

Ka tsaya a kan ƙafa biyu, kada ka jingina da tebur, kada ka juya wa aji baya kana yi wa allo magana. In ka manta, ka yi shiru, ka duba kati, ka ci gaba. Shirun da kake jin ya yi tsawo, a kunnen aji ɗan kaɗan ne.

Lokacin tambayoyi, ka saurara har mai tambaya ya kai aya, ka maimaita tambayar da ƙarfi don kowa ya ji, sannan ka amsa a taƙaice. Tun a gida ka zauna ka rubuta tambayoyi biyar da kake jin za a yi: nawa ne buhun, sau nawa ake iya amfani da shi, yana yi wa masara da dawa, waken da ya kwana a ciki yana tsira in an shuka? Ka nemo amsoshinsu wurin malamin gona tun lokacin bincike. In aka yi wadda ba ka sani ba, ka ce, "Wannan ban bincika ba, amma zan tambayo in kawo amsa a darasi na gaba." Ka rubuta ta a bayan katinka nan take, tare da gyaran da malam ya yi maka, kuma ranar darasin ka zo da amsar.